Rasuwar Karakash, Bindigar da Ba Ta Yi Ƙarya Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki nauyi wanda sai a ƙarshen takardar nan za a zo kansa, Toktosun ɗan Mambetali, maharbi na kwarin Kashkasu da ke sama da garin At-Bashi, yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk mai tumaki a cikin duwatsun nan rasuwar bindigarsa Karakash. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan tudun da ke bayan garkensa, tana hannunsa, kuncinsa na jingine da ita. Shekarunta ashirin da uku a gidan. Ba shi ya rubuta wannan da kansa ba, domin hannun damansa na cikin bandeji, idon damansa kuma a rufe. Ya faɗa ne aka rubuta, inda ya yi shiru kuma mai rubutu ya cike masa.

Marigayiyar ba haifaffiyar nan ba ce. Wani baƙo ne ya zo da ita daga ƙasar waje, irin baƙin da ke zuwa kowace kaka farautar ragon dutse mai manyan ƙaho, su ɗauki irin su Toktosun su yi musu jagora. Can a sama numfashin baƙon ya sarƙe, leɓɓansa suka yi shuɗi, Toktosun ya goya shi ya sauko da shi. Da mutumin ya farfaɗo ya rasa bakin godiya, sai ya bar bindigar, aka shafe wata bakwai ana zirga-zirgar takardu kafin ta zama ta gidan. A jikin itacen gindinta akwai wani baƙin zane mai lanƙwasa. Shi ya sa matar gidan, Apa Kaliskan, ta raɗa mata Karakash, wato Baƙar Gira, ta kuma ɗinka mata rigar ulu da hannunta.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaida ba ta da surutu. Kalma ɗaya take faɗa, "duum", mai kauri, dutsen gabas ya amsa, na yamma ya maimaita, shi ke nan an gama magana. Ba ta da kwaɗayi, ba ta taɓa cin harsashin kasuwa ba, sai wanda maigidanta ya haɗa mata da hannunsa. Yakan tsince kwanson da ta tofar, ya wanke shi, ya goge, ya sa masa sabon ƙyastu mai tayar da wutar harbi a gindi, sannan ya zauna gaban wani ɗan ma'auni ya auna albarushi ƙwaya-ƙwaya. A irin wannan lokaci ana rufe ƙofa, Apa Kaliskan ta daina kai da kawo a kan katakon ɗakin, shi kansa yakan kawar da fuska kafin ya yi numfashi, don hucin hanci ma yana motsa allurar. In ya gama ya ɗora kan harsashi, ya matse, ya jera su a akwati. Mutum ne da ba ya iya jiran shayi ya huce, amma yana iya yini guda a kan harsashi ashirin.

Babbar shaidar da za a yi mata ita ce ba ta ƙarya. Tun shekarar farko Toktosun ya bi kwarin ya shafa wa duwatsu farin fenti, ɗaya a kowace mita ɗari, har shida. Ya harbi kowanne a lokacin ɗari da lokacin zafi, da iska da babu iska, ya rubuta a wani ɗan littafi mai baƙin bango inda harsashi ya sauka. Abin da Karakash ta faɗa bara shi za ta faɗa bana. Saboda haka ko da yake babu shinge a kwarin nan, akwai iyaka, mita ɗari shida daga ƙofar Toktosun ta kowane gefe, kuma kyarketai sun fi mutane sanin inda ta bi. Sukan zo su tsaya a bayan farin dutse na shida, su ƙare wa tumaki kallo, su juya. Shekara ashirin ke nan Apa Kaliskan tana fita ita kaɗai da sassafe ɗebo ruwa a marmaro ba tare da ta waiwaya ba, alhali marmaron yana bayan wata kwana, ba a hango shi daga ƙofa. Nisansa mita ɗari da talatin ne. A riƙe wannan lamba.

Tunda ana faɗin alherin mamaci, sai a faɗi abin da alherin ya jawo wa mai shi. Karakash ta sa wa Toktosun girman kai. Shekara huɗu da suka wuce, a wani bikin suna, ana tsakiyar rabon nama, ya dubi maƙwabcinsa Orozali, wanda ke da wata tsohuwar bindiga mai baki biyu, irin ta harbin tsuntsaye, ya ce masa a gaban jama'a:

"Oroke, har yanzu kana nan da tsintsiyar taka? An ce in ka harba sai kyarkeci ya waiwayo ya ga wa ya yi atishawa."

Mutane suka tuntsire da dariya. Orozali ya ajiye wuƙarsa, ya goge hannu, ya ce:

"Ba komai, Toke. Ranar da taka ta kamu da mura, ka zo aron tsintsiya."

"Ranar ba za ta zo ba."

Tun daga ranar ba su sake zama a kan shimfiɗa ɗaya ba. Tsakanin gidajensu tafiyar awa guda ce a kan doki, kuma babu wani gida da ya fi wannan kusa.

Yanzu sai jinyar marigayiya, in dai jinya za a kira ta.

A farkon ɗarin bana kawunan harsashin da ta saba ci suka ƙare, mai kawo su kuma ya daina kawowa. Akwai wasu kwalaye uku da wani baƙo ya bari kyauta, kawuna dogaye masu tsinin baki, kyawawa. A jikin kwalin an buga wata lamba. Masu wannan sana'a suna ce mata lambar ratsa iska, ita ke faɗin yadda harsashi ke iya sulalewa ta cikin iska ba tare da ya gaji ba. In lambar ta yi girma, harsashi zai daɗe da saurinsa, ba zai faɗo da wuri ba. In ƙarama ce, iska za ta cinye ƙarfinsa ya sauko ƙasa-ƙasa. Tsofaffin kawunan Toktosun bai taɓa neman sanin lambarsu ba, duwatsu shida sun riga sun gaya masa komai. Amma sabon abinci sabon lissafi yake so, ga shi dusar ƙanƙara ta binne duwatsun nesa, uku na kusa kawai ake gani.

A nan ne Sagindik ya shigo, mijin 'yar Toktosun, malamin dabbobi a At-Bashi. Shi ne kuma mai riƙe da alƙalamin nan, ba zai ɓoye kansa ba. Ya zo duba tumaki masu ciki, ya tarar da surukinsa yana jujjuya kwali, sai ya zaro wayarsa, da irin zumuɗin nan na mai son ya burge. Ata yake ce masa, wato baba.

"Ata, ai yanzu an wuce wahalar duwatsu. Ka ba wayar nan lambar kwalin, da saurin harsashi, da tsayin dutsen da muke kai, ta gaya maka inda zai sauka har mita dubu."

"Ita ta taɓa harbi ne?"

"Lissafi ne, Ata. Lissafi ba ya kuskure."

Aka sa lambobin. Kusa da inda ake rubuta lambar ratsa iska akwai wani ɗan gurbi mai zaɓi biyu, Sagindik ya tsallake shi da babban yatsa bai ko karanta ba. Suka fita suka gwada a dutse na ɗaya, na biyu, na uku. Inda waya ta ce, nan Karakash ta sa. Toktosun ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce a kwafe masa duk abin da ta faɗa a bayan littafinsa, har mita dubu. Sagindik ya koma gari yana jin ya yi abin kirki.

Akwai wata macen kyarkeci, fara-fara, tsohuwar hannu, wadda ta shekara biyar tana zuwa ta tsaya a kan wani tudu a bayan iyaka. Matan kwarin nan ba sa kiran sunan dabbar, sai su ce Mai Kuka. Wata safiya cikin watan Fabrairu ta fito ta tsaya a wurinta. Toktosun ya ɗauko madubin auna nisa, wanda ake dannawa ya nuna mita, ya karanta ɗari bakwai da ashirin. Ya buɗe bayan littafi. Apa Kaliskan ce ta ba da labarin abin da suka faɗa.

"Tsoho, ba ta tsallako ba. Ka rabu da ita."

"Yau iyakar za ta matsa gaba."

"Wa ya ce maka iyakar ta yi mana kaɗan?"

Ya kwanta rub da ciki, ya murɗa madubin bindiga yadda waya ta faɗa, ya ɗora a kafaɗar dabbar, ya ja kunama. Karakash ta ce "duum". Mai Kuka ta yi tsalle sama, ta faɗo, ta tashi, ta ɓace bayan tudu. Da ya hau doki ya je wurin, ya tarar da jini kaɗan da guntun ƙashi, da sawu uku a inda ya kamata a ga huɗu. Harsashin ya sauka ƙasa da kamu biyu, ya farfasa mata ƙafar gaba.

Kowane makiyayi ya san abin da wannan ke nufi, ba sai an yi masa bayani ba. Kyarkeci mai ƙafa huɗu yana bin akuyar dutse a can sama. Mai ƙafa uku ba ya iya cim mata, dole ya sauko inda nama ba ya gudu. Ga shi kuma tana da ciki. Kafin wata ya cika an ɗauke 'yan tumaki biyar. Bayansu aka tsinci Moinok, karen gidan, a bayan garke, an buɗe masa maƙogwaro ba a ci namansa ba. Duk da haka da rana ba ta matsowa, tana nan a kan tudunta, domin har lokacin Karakash na magana kullum.

Kullum kuwa, don Toktosun ya shiga neman dalili. Da ƙanƙara ta fara narkewa ya shafa wa wani dutse fenti a mita ɗari bakwai, ya dinga harbinsa. Ko yaushe kamu biyu ƙasa, ba ƙari ba ragi. Ya zauna ya yi tunani irin na mai hankali, kuma wannan shi ya fi komai ciwo, don ba wauta ya yi ba. Ya ce lambar dai kamfani ne ya buga ta a kwali, ba ta ƙarya. Waya lissafi take yi, ba ta kuskure. To wa ya rage? Tsohuwa ce ta gaji, ƙarfinta ya ragu, ba ta tura harsashi da saurin da. Mutumin da ya shekara ashirin da uku yana gaskata bindigarsa, ya tashi ranar nan ya gaskata kwali.

Maganin da ya gani shi ne ƙarin albarushi. Ya rufe ƙofa, ya zauna gaban ma'auninsa, ya ƙara kaɗan. Harsashi ya ɗan hau, kamar yatsa biyu. Ya ji daɗi, ya ce ga shi ta fara samun sauƙi, ya sake ƙarawa.

Marigayiyar ta yi iya ƙoƙarinta ta gaya masa. Da farko muryarta ce ta sauya, "duum" ɗin nan mai kauri ya koma "taas", siriri mai tsaga kunne, duwatsu ma ba sa amsa shi yadda suka saba. Sai sakatarta ta fara cijewa bayan kowane harbi, da yatsa biyu ake ɗaga ta, ya koma sai da tafin hannu, daga baya sai ya ƙwanƙwasa da itace, tana cewa "ƙiiƙ" kafin ta buɗe. Kwanson da take tofarwa gindinsa ya baje, ƙyastun ya lafe kamar an taka shi. Duk wani mai haɗa harsashi ya san waɗannan alamu, shi ma ya sani, shi ya koya wa wasu. Amma kowace safiya in ya fito zai ga Mai Kuka a kan tudu, ƙafa ɗaya a ɗage, ya kuma ga matarsa ta ɗauki bokitai biyu ta sha kwana.

Apa Kaliskan ta tare shi wata rana yana fitowa da akwatin harsashi.

"Tsoho, wannan ba muryarta ba ce."

"Magani ne yake aiki."

"Na yi jinyar mutane da yawa. Wanda magani ke yi wa aiki ba ya irin wannan kukan."

"Saura kamu ɗaya, tsohuwa. Kamu ɗaya kacal."

Ranar Talata rana ta fito da zafi, irin zafin farko na bazara. Ya sa harsasai uku a aljihun ƙirji, waɗanda ya yi wa ƙarin albarushi na ƙarshe, ya hau tudun bayan garke, suka ɗau ɗumin jikinsa da na rana, albarushi kuwa in ya yi ɗumi ƙara fushi yake yi. Mai Kuka na wurinta. Ya kwanta, ya saita, ya ja. Abin da Karakash ta faɗa na ƙarshe ba "duum" ba ne, ba kuma "taas" ba. Apa Kaliskan, da ke cikin garke tana karɓar haihuwar wata tunkiya, ta ce ta ji kamar an fasa babbar tukunyar ƙarfe da gatari, "ƙwal", sau ɗaya, babu dutsen da ya amsa. Ta tarar da shi zaune, fuska duk jini, hannun dama a tsage, bindigar a cinyarsa ta dare daga wajen sakata, itacen gindin ya rabe daidai kan baƙar girar. Yana ta shafa ta da hannun hagu. Can a kan tudu Mai Kuka ba ta ko motsa ba, tana tsaye tana kallonsu.

Sagindik ya iso ranar Alhamis, don sai Laraba Apa ta sami zarafin hawa inda waya ke kamawa. Ya ɗinke hannun da zaren da yake ɗinke dawakai. Ya duba idon ya ga akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki, wannan kuwa ya fi ƙarfinsa. Bayan nan ya zauna ya buɗe wayarsa, yana son ya gane abin da ya kashe marigayiyar, sai idonsa ya faɗa kan ɗan gurbin nan mai zaɓi biyu. Ya karanta a karo na farko.

Ashe lambar ratsa iska da mudu biyu ake auna ta. Hatsi ɗaya ne, in ka auna da ƙaramin mudu ya ba ka goma, in ka auna da babba ya ba ka biyar. Lambar da ke jikin kwalin ta ƙaramin mudu ce, shi ya sa ta yi girma. Wayar kuwa tana kan babban mudu. Sai ta ɗauka an ba ta harsashin da ya ninka na gaskiya iya ratsa iska, harsashin da babu irinsa a duniya. A kusa bambancin ba ya nunawa, shi ya sa duwatsu uku na farko suka yi shiru, sai an yi nisa yake buɗe baki. Sagindik ya taɓa gurbin sau ɗaya, lambobin suka sauya. Ya duba mita ɗari bakwai, da albarushin farko, kafin a fara ƙari. Wayar ta nuna kamu biyu ƙasa.

Ya so ya yi shiru, Allah ya sani. Amma ya miƙa wa surukinsa wayar, ya gaya masa. Toktosun ya kara ta kusa da idonsa mai gani, ya daɗe.

"Wato inda take sawa, nan ne wurin."

"Nan ne, Ata."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko. Laifina ne, Ata, ni ne ban karanta ba."

"Kai yatsa ɗaya ka sa. Ni na yi kwana arba'in ina ɗura mata."

Saboda haka ana sanar da jama'a, don kada wani ya ɓata mata suna a bayanta, cewa Karakash ba ta yi ciwon komai ba. Ba ta tsufa ba, ƙarfinta bai ragu ba. Lafiyarta lau aka kama ta ana ɗura mata magani har ta fashe, tana faɗin gaskiya har numfashinta na ƙarshe. Mai rubutu ya yi kuka a kan wannan, ba ya kuma jin kunyar faɗa.

Ta rasu ta bar maigidanta da ido ɗaya a hannun Allah. Ta bar ɗan ma'auni, wanda bai taɓa ƙin auna abin da aka ɗora masa ba, da ƙarfen matse harsashi, da kwanso cike da gwangwanin shayi biyu waɗanda ba su da sauran wanda zai ci su. Ta bar rigar ulu. Ta bar littafi mai baƙin bango, an yage shafukan bayansa an sa a murhu. Ta bar farin dutse shida a cikin kwari, suna nan a jere kamar ba abin da ya faru. Sai kuma madubin auna nisa, shi kaɗai ne a cikin dangin yake fita aiki har yanzu, kuma ba ya dawowa da labari mai daɗi.

Ga yadda aikin nasa yake. Tunda idon Toktosun a rufe yake, Apa Kaliskan ce ke tsayawa a ƙofa kowace safiya, ta ɗora madubin, ta danna, ta faɗi lamba, shi kuma ya rubuta da hannun hagu a shafin da ya saba rubuta albarushi. Mai Kuka ta haihu, an ga nonuwanta sun sauko, bakuna ne ke jiranta a wani rami. Shekara biyar tana sauraron muryar Karakash, yanzu kuma tana sauraron shirun. Ranar Laraba tana mita ɗari shida da arba'in. Alhamis ta wuce farin dutse na shida, da rana tsaka, ta tsaya ta shinshina shi, ɗari biyar da goma. Juma'a ɗari uku da tamanin. Asabar ɗari biyu da sittin. Yau Lahadi, mai rubutu na tsaye a wurin, Apa ta danna, ta sauke madubin, ta ce:

"Ba sai na auna ba ma, tsoho, ina ganin idonta. Ɗari da casa'in."

Ta ajiye madubin a kan taga, ta ɗauki bokitanta. Sagindik ya karɓe ya je ya ɗebo, da sanda a hannu, yana tafe yana waiwaye. An riga an faɗi nisan marmaro a sama, duk mai iya lissafi ya yi lissafinsa.

An roƙe ta ta bi Toktosun da Sagindik gari gobe, ta ƙi.

"Tumaki ɗari biyu suna haihuwa, in tafi wa zai ɗaga 'ya'yan? Ku je a cire masa ƙarfen nan, kada ya dawo mini da ido ɗaya, ya riƙa zuba shayi a gefen kofi."

Game da jana'iza. Gobe Litinin da asuba za a naɗe gawar a cikin rigarta ta ulu, a sa a motar Sagindik, a wuce da ita garin Narin, inda doka ta ce a miƙa ragowar duk makamin da ya lalace, kuma mai shi ne zai miƙa da kansa ya sa hannu. A ranar ne kuma likitan ido zai ga Toktosun, an ce in aka ƙara jinkiri idon ba zai tsira ba. Ba za su dawo ba sai Laraba da yamma. Samun wata bindigar, in ma za a samu, aikin watanni ne. Ba a buƙatar kowa ya raka gawa. An tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ana yi wa mutanen gida addu'a, kuma zai yi.

Zaman makoki kuwa kwana uku ne, a gidan marigayiya, daga gobe. Ba za a yanka doki kamar yadda aka saba a makokin mutum ba, amma akwai rago, akwai borsok, soyayyen ƙullin fulawar nan, shayi kuma ba zai sauka daga wuta ba. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su zo a ƙasa, kada mutum ya zo shi kaɗai, kada a zo da yara. Mai kare ya zo da karensa. Wanda ke da wani abu rataye a bango, ko yaya tsufansa, ya sauko da shi ya goge. Ba a cikin ɗaki za a zauna ba, za a shimfiɗa barguna ne a kan hanyar marmaro, daga kwana zuwa bakin ruwa.

An saba a irin wannan takarda a roƙi duk wanda mamaci ya ɓata wa rai ya yafe. Da aka zo nan Toktosun ya bar shayinsa har ya huce, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya ce:

"Sagindik, irin ta Orozali, mita nawa take kaiwa?"

"Arba'in, Ata. In an yi sa'a hamsin."

"Rubuta. Ka ce marigayiya ba ta taɓa zagin kowa ba, bakina ne. Ka ce, Oroke, ranar ta zo. Ka ce ina aron tsintsiya, amma da mai ita nake so, don ni ba na nan. Ka ce masa arba'in ta isa. Gobe ba a neman mai harbin nesa."

An rubuta yadda ya faɗa. Za a liƙa takardar nan a ƙofar shagon bakin gada, a kuma tura ta ta waya ga duk wanda waya ke samu. Wanda ya fara gani, don Allah ya hau doki ya kai wa Orozali, don shi ba ya riƙe waya.

Mota za ta tashi da asuba. Apa Kaliskan tana fita ɗebo ruwa da zarar rana ta taɓa kan dutsen yamma, ta kuma ce ita ba za ta jira kowa ba, tumaki ba su san da makoki ba. Masu ta'aziyya, a taimaka a riga ta isa marmaro.